Kuskuren suna a takardar sallamar mahaifina daga soja

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku taimaka mana da shawara. Mahaifina tsohon soja ne, har Laberiya ya je a rundunar ECOMOG. A takardar sallamarsa an yi kuskuren harafi ɗaya a sunansa, shekarar haihuwa kuma aka sa 1959 maimakon 1956 da ke kan NIN da BVN ɗinsa. Wajen tantance 'yan fansho aka ce bayanan sun saɓa.

Mun yi takardar rantsuwa a kotu, mun buga a jarida, amma shiru. Shin gyaran daga bataliyarsa ta ƙarshe ake farawa, ko sai mun je ofishin bayanan sojoji na Lokoja? Baba yana fama da hawan jini, doguwar tafiya tana wahalar da shi, kuma da wannan fansho yake sayen magani.