Tsohon yashi a sabon tankin murjani: a mayar da shi ko a zubar?

Daga Samaru: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da ta taso. Mutum yana da tankin gilashi na ruwan gishiri da yake kiwon kifi da murjani (halittar teku mai rai, mai kama da dutse) a ciki, tsawo santimita 80, faɗi 35, kaurin yashin ciki santimita 5, shekara 2 ba a tona shi ba. Yanzu zai koma sabon tanki babba, santimita 120 a 50. Ni ina kan cewa ya kwashe yashin a jiƙe yadda yake, ya zuba a sabon, ba wanki. Bakteriyar da ke mayar da amoniya (gubar da ke fitowa daga dattin kifi) naitirait, ta mayar da naitirait naitiret mai ƙarancin dafi, a jikin yashin take zaune. In ka wanke ta, ka koma farko. Kuma mu nan teku ta yi mana nisa, yashin aragonait, wato farin yashin teku da ake zubawa a irin wannan tanki, sai an aiko daga nesa, nauyinsa ma kaɗai yana cin kuɗi.

Daga Tudun Wada: Wa'alaikumus salam. Malam, wannan shawarar tana iya kashe wa mutum kifinsa a dare ɗaya. Yashin da ya shekara 2 a kwance, samansa daban, ƙasansa daban. Santimita 1 zuwa 2 na sama ne ke samun iskar oksijin, nan bakteriyar da kake faɗa take. Can ƙasa kashin kifi ne da ragowar abinci suka taru inda iska ba ta kai wa. A duƙa a leƙa jikin gilashi daga ƙasa, za a ga wurare sun yi baƙi-baƙi. Da an tona wurin, warin ruɓaɓɓen ƙwai zai bugi hanci. Haidirojin salfaid ke nan, kuma guba ce ga kifi. In aka kwashe da roba aka juye, na ƙasa ya hau sama, na sama ya binne. Bakteriya masu buƙatar iska su mutu a ƙasa, waɗanda ba sa jurewa iska su mutu a sama, gawarsu duka ta koma amoniya. Ga shi pH (ma'aunin tsamin ruwa) na ruwan tankin yana tsakanin 8.1 da 8.3, inda amoniya ta fi dafi fiye da a ruwan daɗi.

Daga Kongo: Hajiya ta yi gaskiya, ni har na wuce inda ta tsaya. A zubar da shi duka. Aragonait yana shan fosfet, sinadarin da ke ciyar da gansakuka, yana riƙewa a jikinsa tsawon shekarun nan. Ka saka shi cikin sabon ruwa mai tsabta, sai ya dinga sakinsa kaɗan-kaɗan. Wata uku kana fama da koriyar gansakuka da jan yauƙin nan da ke shimfiɗa a kan yashi, kana canza ruwa, abin bai sauka ba. Kuɗin gishirin da za ka ƙona ya fi na yashin. Araha ba ta ado.

Daga Samaru: Na karɓi maganar juyewar, Hajiya, nan kin kama ni. Amma Yallabai na Kongo, mu yi lissafi. 80 sau 35 sau 5 lita 14 ne, kusan kilo 20. Sabon tanki a kaurin santimita 3 yana cin lita 18, kusan kilo 27. In ya mayar da tsohon, kilo 7 kawai zai saya. In ya zubar, 27. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga wanda ya riga ya biya kuɗin gilashi, fitila da famfo. Kuma tankin zai rasa matatarsa, wato bakteriyar nan mai tace ruwa.

Daga Tudun Wada: Matatar ba ta tafi ko'ina ba. Duwatsun masu rai, wato duwatsun cikin tankin da bakteriya ke zaune a jikinsu, cike suke da ramuka, kuma su ruwa yake bi dare da rana. Muddin an riƙe su a cikin ruwan tanki ba su bushe ba, tare da soson matata da duk abin da ke cikin ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, za su ɗauki nauyin kifin da suka saba ɗauka. Akwai masu tankin murjani da ba sa zuba yashi ko ƙwaya, kuma amoniyarsu sifili.

Daga Sabon Gari: Yayyena, tsakanin "a juye haka" da "a zubar" akwai hanya. A wanke shi, wanki na gaske. Kafin a taɓa komai, a ɗebi saman yashin, santimita 1 kacal, daga inda yake fari tas, kamar kofi 2 ko 3. A sa a ƙaramin bokiti da ruwan tankin da dutsen iska, ɗan dutsen nan da ke fitar da kumfar iska cikin ruwa. Nan ne ƙananan halittun suke: 'yan ƙwarin nan masu kama da jatan lande da tsutsotsi masu cin datti. A tsince dodon koɗi masu binne kansu da rariya, don suna ɓoyewa su mutu a ciki ba a sani ba. Sauran yashin a fitar da shi tsakar gida, kada a wanke a ɗaki saboda warin. A zuba kashi ɗaya cikin uku na bokiti, a cusa tiyo har gindi, a dinga juyawa da hannu kamar ana wanke gero, ruwan yana ambaliya. Farko zai fito baƙi-ƙirin, sannan kalar shayi, sannan fari kamar koko. Kada a tsaya sai an juya an ga yashin ya kwanta nan take, ruwan samansa garau. Kilo 20 na iya cin awa biyu. Ɗauraya ta ƙarshe da ruwan injin RO, wato injin da ke tace ruwa tas, domin ruwan rijiya da na burtsatse kan zo da nasu naitiret da silika. Bayan wannan, a ɗauke shi a matsayin matacce, daidai da busasshen sabo.

Daga Kongo: Ƙanina, tiyo yana fitar da datti, ba ya ɓamɓare fosfet ɗin da ya manne a ƙwayar yashin.

Daga Sabon Gari: Haka ne, Yaya, shi ya sa ake gwadawa maimakon zato. Kofi 1 na wankakken yashi cikin lita 4 na sabon ruwan gishiri wanda aka auna fosfet ɗinsa tun farko, da ƙaramin famfo yana motsa shi. Bayan kwana 3 a sake aunawa. In fosfet ɗin ya tsaya ƙasa da miligiram 0.1 a lita, a yi amfani da shi. In ya haura sosai, maganarka ta tabbata, a zubar. Gwajin yana nufin a cire yashin kwanaki kafin ƙaura, ko a tayar da sabon tankin ba yashi a zuba daga baya.

Daga Wusasa: Akwai inda ni ba na yarda da wanki ko gwaji. Idan an taɓa zuba maganin jan ƙarfe a tankin, ko sau ɗaya, yashin ya sha shi, zai kuma saka wa murjani da jatan lande. Zubarwa kawai. Haka idan cutar fararen ɗigo ta taɓa kama kifin kwanan nan: ƙwayar cutar tana sauka daga jikin kifi ta rufe kanta a cikin yashi, shi ya sa masu kiwo ke barin tanki kwana 76 ba kifi kafin su aminta. A irin wannan hali kofunan saman nan ma kada a ɗiba, kuma a sani duwatsun ma suna ɗauke da ita.

Daga Palladan: To me zai hana a cike gibin da yashin kogin Galma ko na Kubanni, a tankaɗe a wanke?

Daga Tudun Wada: A'a, ɗana. Wancan yashin dutse ne haɗe da laka da ƙarfe, ga abin da ruwa ya kwaso daga gonaki. Aragonait ake so, ƙwaya milimita 1 zuwa 2. Mai laushi kamar gari famfo zai dinga watsa shi a kan murjani.

Daga Wusasa: A kula da yanayinmu ma. A zafin Afrilu, jiƙaƙƙen yashi a rufaffen bokiti kafin washegari ya yi ɗoyi. In ba ranar za a zuba ba, a baza shi a tabarma ya bushe. In da hunturu ne a rufe da ƙyalle, don ƙura za ta mayar da wankin banza. Ranar ƙaura kuma a tabbatar batir ko janareta na nan, don bokitan kifi da duwatsu ba sa jure rashin iska. Sabon ruwa ya yi daidai da tsohon: awon gishiri (nauyin ruwan in an kwatanta da ruwan daɗi) 1.025 zuwa 1.026, zafi digiri 25 zuwa 26. Duwatsu su fara zama a kan gilashi, sannan yashi ya zagaye su, kada kifi mai haƙa ya tona ƙarƙashi tsarin ya rushe.

Daga Samaru: To na janye maganar rashin wanki. Amma kofi 3 ya yi kaɗan ga ƙasa mai faɗin 120 a 50. In tankin lafiyayye ne, ba cuta, ba baƙin tabo, na fi ganin a ɗebi saman duka. Santimita 1 a tankin nan kusan lita 3 ne. A rausaya shi a hankali cikin ruwan tsohon tankin, a shimfiɗa a kan wankakken.

Daga Kongo: A shimfiɗa, kada a cuɗa, in dai sai an yi. Ni dai ina nan kan kofi 2 da sabon yashi. Kowanne aka zaɓa, a rage abinci zuwa rabi, kada a ƙara sabon kifi har mako 3, a auna amoniya safe da yamma a kwana 7 na farko. A ajiye lita 40 na haɗaɗɗen ruwan gishiri a jarka, in awon amoniya ya nuna miligiram 0.25 a lita a canza ruwa nan take.