Neman shawara: za mu tsallaka Faransa da Sifaniya a mota mai ɗaki, da karyar ɗana

Maman Abba, Leicester:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar wanda ya taɓa fita da kare daga Ingila. Na san wasu za su yi mamakin jin wannan daga bakina, ni da na taso a Zariya, in na hango kare sai in canja hanya. Ɗana Abba shekararsa 9, yana da lalurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro yake mu'amala da mutane da jure hayaniya. Shekara biyu ke nan da muka samo masa wata karya, Labrador, kuma tun daga lokacin yake iya barci har asuba. Idan abin ya motsa masa sai ta zo ta ɗora kanta a cinyarsa, yana shafa kunnenta har numfashinsa ya daidaita. Ba za mu iya tafiya mu bar ta ba.

Jirgin sama ba ya yi masa saboda hayaniya da cunkoso. Shi ya sa maigidan ya kama hayar mota mai ɗaki, irin mai gadaje da kicin da banɗaki a ciki, ta mako uku daga 2 ga Agusta. Ya daɗe yana burin ganin masallacin Kordoba da fadar Alhamra a Granada, duk a Andalus, kudancin Sifaniya. Yanzu muna ƙarshen Yuni, ban yi komai a kan karyar ba. Wace takarda ake buƙata? Jirgin ruwa ya fi ko hanyar ƙarƙashin teku? Sannan yaya zan yi da sallah a wuri matsattse haka tana ciki?

Baban 'Yan Biyu, Luton:

Wa alaikumus salam Maman Abba. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Gobe da safe ki kira likitan dabbobi, kada ki kai jibi, domin abin duk lissafin kwanaki ne.

Tun 1 ga Janairun 2021 fasfon dabbobi da aka bayar a Birtaniya ya daina aiki wajen shiga Tarayyar Turai. Yanzu sai takardar shaidar lafiyar dabba, wadda suke ce wa AHC. Kafin a ba ki ita dole karyar tana da ƙwayar shaida da ake dasawa ƙarƙashin fata, sannan an yi mata allurar rigakafin haukan kare, kuma dasa ƙwayar ne zai riga allurar. A nan Ingila wannan allura ba ta cikin waɗanda ake yi duk shekara, don haka kada ki ɗauka an yi mata. Bayan allurar sai an jira kwana 21. Ita kuma takardar, cikin kwana 10 kafin ku shiga Faransa ake rubuta ta, ba kafin haka ba, kuma ba kowane likita ne hukuma ta ba izinin sa hannu a kanta ba. Ki tambaya tun a waya, ki kama rana yanzu, don lokacin hutun makaranta layi yake yi. Kuɗinta ya haura fam 100 a yawancin wurare, kuma kowace fita sabuwa ake yi.

Inda na sha wuya shi ne dawowa. Dole likitan dabbobi a can ya ba ta maganin tsila, ya rubuta rana da lokaci a takardar, kuma a shigo Birtaniya bayan awa 24 da shan maganin, kafin a cika awa 120. Ni na kai namu da yamma, jirginmu na safe. Ma'aikaciyar ta duba agogo ta ce awa 15 kawai aka yi. Haka muka kwana a filin ajiye motoci a Calais, garin Faransa da ake tsallakowa Ingila daga cikinsa, yara na kuka, muka ƙara kuɗi aka canja mana tikiti. Ki yi shi kwana biyu ko uku kafin ranar dawowa, a wani ƙaramin gari a kan hanya. Ki tuna yawancin asibitocin dabbobi ba sa buɗewa Lahadi, 15 ga Agusta kuma hutu ne a Faransa.

Ƙanwarku mai aiki a asibitin dabbobi, Coventry:

Yaya, abin da Baban 'Yan Biyu ya faɗa haka yake. In kun je allurar ki sa a karanta ƙwayar a gabanki, ki gwada lambar da wadda aka rubuta, lamba ɗaya in ta saɓa za a iya mayar da ku daga bakin iyaka.

Amma ni ba takardu ne suka fi damuna ba. A kudancin Faransa da Sifaniya akwai wani ɗan mitsitsin ƙuda, bai kai sauro ba, daga magariba zuwa asuba yake cizo, kuma shi ke ɗaukar cutar lishmaniya. Kare in ya kamu ba a cika raba shi da ita gaba ɗaya ba, sai dai a riƙa lallaɓa shi da magani, kuma takan taɓa ƙoda. Alamun na iya ɗaukar watanni kafin su bayyana, kun dawo gida kun manta. Akwai abin wuya mai magani da ke korar ƙudan da kaska. Ki nemi likitanku ya zaɓa miki, a sa mata aƙalla mako guda ko biyu kafin tafiya, sannan ki gaya masa Abba yana yawan rungumarta, don ya duba wanda ya dace. Da dare kada ta kwana a waje.

Maman Abba, Leicester:

Na gode ƙwarai. Wallahi ban san allurar haukan kare daban take ba. Na duba littafinta yanzu, babu. Na lissafa, in aka yi mata kafin 5 ga Yuli muna cikin lokaci.

Anti, Bordeaux:

'Yata, shekarata 20 a ƙasar nan, zan gaya miki gaskiya ko da ba za ta yi wa maigidanki daɗi ba. Kada ku je Kordoba a Agusta da kare. Garin yana cikin mafi zafi a Turai, rana tana haura maki 40. Za ki ce ai mun saba da zafin Zariya. Ke kin saba, ita ba ta saba ba: kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, ga Labrador da gashi mai kauri. Motar nan kuwa in an kashe inji ta tsaya a rana, cikin 'yan mintuna ta zama tanda, ko an buɗe tagar sama. To ku shiga masallaci ku bar ta ina? Wuraren tarihi da yawa ba sa yarda a shiga da kare. Kwaltar ma tana ƙona musu tafin ƙafa. Ki ɗora bayan hannunki a ƙasa, in kin kasa jurewa, ita ma ba za ta iya takawa ba.

Daga Calais zuwa Granada kusan kilomita 2,000 ne. Yaro mai wannan lalura, kwana da kwanaki a kan hanya, ki duba. Da ni ce, sai in bi gaɓar teku ta Normandi da Biritani (yankuna ne a arewa maso yammacin Faransa, ba Birtaniya ba), in kuna da ƙarfi ku gangara arewacin Sifaniya wajen Santander, inda akwai sanyi da ciyawa shar. Garuruwan Faransa da dama suna da filin da aka ware wa irin motarku, da wurin ɗiban ruwa da zubar da na datti. Bakin teku dai da yawa sukan hana kare lokacin bazara, ki riƙa karanta allon da ke ƙofar shiga. Andalus ba ta gudu, ku je mata a hutun Oktoba.

Kuma kada ki yi guzurin kilishi ko dambun nama. An hana shigo da nama da madara daga Birtaniya zuwa Tarayyar Turai, har abincin kare mai nama a ciki, sai wanda likita ya rubuta don ciwo, shi ma kilo 2 kawai. Ki nemi irin wanda ake sayarwa a ƙasashen biyu, ki fara saba mata da shi tun yanzu don kada cikinta ya ɓaci a hanya.

Baban 'Yan Biyu, Luton:

Na manta tambayarki ta biyu. Ki bi ta ƙarƙashin teku, LeShuttle, daga Folkestone zuwa Calais. Minti 35 ne, motar ake sakawa cikin jirgin ƙasa, kuna zaune a ciki ku da karyar. Jirgin ruwa daga Dover yakan ɗauki awa ɗaya da rabi, kuma sau da yawa a mota ake barin kare a ƙasa, mutane su hau sama, wanda na tabbata Abba ba zai yarda ba. Za a ce ku kashe tukunyar gas kafin shiga. Maigida kuma ya samu izinin masu hayar a rubuce, na kare da na fita waje, da takardar VE103, wadda ke shaida cewa motar ta haya ce.

Malam, Birmingham:

Malama, Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar yaron nan. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai jikinsa da yawunsa masu tsarki ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Shafi'iyya suna ganin najasa ne. Fitsari da kashinsa dai najasa ne ba saɓani. Ki ware mata kwanonta da shimfiɗarta, ki naɗe dardumarki ki ajiye a sama, in yanayi ya ba da dama ku yi sallarku a waje a gefen mota.

Maman Abba, Leicester:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. An ba mu ranar Laraba don allura, na kuma kama 28 ga Yuli don takardar. Anti, na karanta wa maigidan saƙonki. Ya yi shiru, ya kalli Abba yana kwance a ƙasa ya yi matashi da ita, ya ce in nemo taswirar Biritani. Tikitin ƙarƙashin teku za mu saya yau da daddare. Ƙanwata, zan kira ki kan maganar abin wuyan nan in mun dawo daga wajen likita.