Rai dangin goro ne: da ruwa ake ƙarasa shi ko da hutu?

Ɗan Kurmi: Jama'a, a raba mana gardama. Ni "rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi" na tashi ina ji. Maƙwabcin rumfata ya kafe wai "hutu yake so" ne ƙarshensa.

Gwaggon Yara: Duka ana faɗa, ɗana. Amma na ruwan ya fi kwanta mini, don shi ne halin goro. A naɗe shi cikin ganye a huhu, a yayyafa wa algarara ruwa, a riƙa kwancewa ana tsince mai sankara. Ka yi sake iskar hunturu ta buge shi, sai kauɗa.

Malamin Kimiyya: Gwaggo, kin gama darasin. Goro iri ne mai rai, yana numfashi ko a kan faranti. Gero a shanya shi, ya shekara a rumbu, damina ta zo ya tsiro. Goro kuwa in ya bushe ƙarau, ya gama tsirowa.

Auta: Malam, ashe bayoloji ke nan. Me kalmar take nufi ma? Mu "ilimin halittu" aka ce mana.

Malamin Kimiyya: Girkanci ne, Auta: "biyos" rayuwa, "logos" zance ko nazari. Sai dai ba Girkawan dauri suka haɗa su ba. An ɗan taɓa amfani da ita a Jamus tun ƙarni na 18, amma a 1802 ta kafu, da masana biyu, Lamarck a Faransa da Treviranus a Jamus, suka kira wannan fanni da ita, kowa a nasa littafin.

Na Bayan Aji: Allah gafarta Malam, akwai sauran magana. Girkawa na da "zowe", wato ran da ke jikin duk mai numfashi, "biyos" kuma ya fi karkata ga yadda mutum ya yi zamansa a duniya. Mu ma rai daban, rayuwa daban. Karin maganar nan rai ta kama, shi ya sa na ce na ruwan ne daidai: ci, sha, magani. Hutu na rayuwa ne. "Halittu" ma ta yi faɗi, ai dutse halitta ne. Larabawa da suka ce "ilmul ahya'i", ilimin rayayyu, sun fi mu dacewa.

Ɗan Kurmi: Ban yarda hutu na rayuwa kaɗai ba ne. Hana ɗan dako barci kwana uku ka gani ko ran ba zai yi halinsa ba.

Gwaggon Yara: Ku dai ku san wa ake gaya wa. Mai nema ba ji ba gani ake lallashi da ita, ko majinyacin da ya ƙi cin abinci. Auta, kai da ke kaiwa hantsi a kan katifa, ba da kai ake ba.