Wai Babban Dillali Ba Ya Asara?

Gardamar da ta ɓarke daren Asabar a zauren ƴan Adar mazauna Yamai

Isuhu: Barkanmu da dare. Yau a aji aka yi mana bayanin hej fon, wato asusun da ke juya kuɗin manyan attajirai. Galibi ba ya shiga kasuwar hannun jari sai ta hannun wani ƙaton banki da ake kira babban dillali. Shi ke ranta masa kuɗi, ya ara masa hannun jari, ya ajiye masa dukiya. Abin da na gane shi ne dillalin nan ba ya taɓa asara. Jingina na hannunsa, la'ada na shigowa. In kasuwa ta faɗi ya ce a ƙaro jingina, in an kasa ya sayar da wadda ke hannunsa. To asarar ta ina?

Alhaji Mamman: Yaro ya yi gaskiya. Shekara 30 ina kara, daga Tawa har Turaku. Mai sa ya yi kuka, mai saye ya yi kuka, dillali ya soke la'adarsa a aljihu ya tafi masallaci.

Hadiza: Kawu, dillalin kara ba ya zuba kuɗinsa cikin sa. Wannan kuwa da kuɗinsa ake cinikin. Isuhu, je ka tambayi Credit Suisse. A watan Maris na 2021 wani kamfani a Niyok mai suna Archegos, na Bill Hwang, ya durƙushe, bankin nan na Suwizalan ya yi asarar kusan dala biliyan 5.5. Nomura na Japan ya rasa kusan biliyan 2.9. In aka haɗa ta dukan bankunan ta haura biliyan 10.

Alhaji Mamman: Dala wace iri?

Hadiza: Ta Amurka, Kawu, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Isuhu: Yaya Hadiza, Archegos ba hej fon ba ne fa. Ofis ne mai juya dukiyar mutum ɗaya.

Hadiza: A takarda haka ne. Amma sassan babban dillali na bankunan ne suka yi hulɗa da shi, kuma irin bashin da suke ba hej fon suka ba shi. Ga yadda aka yi. Hwang bai sayi yawancin hannun jarin da sunansa ba. Banki ne ke saye da sunan banki, a yi yarjejeniya: in ya tashi ribar ta Hwang ce, in ya faɗi shi zai cika. Sai ya ajiye ɗan abu kaɗan a matsayin jingina. A Credit Suisse an taɓa sassauta masa har kashi 7.5 cikin 100. Ka ajiye jika bakwai da rabi, a riƙe maka kayan jika ɗari. Ya yi haka a bankuna da dama, kan kamfanoni ƴan kaɗan iri ɗaya, irin su ViacomCBS, kuma kowane banki littafinsa kawai yake gani. Da farashin ViacomCBS ya rikito, duk suka nemi ƙarin jingina lokaci guda. Babu.

Laminu: Wallahi kamar labarina. Shekarun baya wani ɗan albasa a wajen Galmi, ba zan kama suna ba, ya kai ni rudunsa, ya buɗe, na ga albasa ja jawur har baki, na ranta masa jika 800 sai farashi ya tashi. Ashe mu huɗu ya nuna wa rudun nan. Ran da damina ta ruɓar da rabin kayan muka haɗu a ƙofar gidansa, kowa da takardarsa a hannu, muna kallon juna kamar kishiyoyi.

Hadiza: Ya yi kama, Laminu, amma akwai bambanci. Hwang bai jinginar da kaya ɗaya sau huɗu ba. Kowane banki na riƙe da nasa. Matsalar ita ce kayan duk iri ɗaya ne, kuma sun yi wa kasuwar yawa. Ka ɗauka ku huɗun kowa na da rudunsa cike, sai kuka fito da su kasuwa rana ɗaya. Na farko ya sayar da daraja, na ƙarshe ya samu buhu ya koma kuɗin goro. Bankunan sun tattauna ko za su sayar a hankali tare, ba su daidaita ba. Morgan Stanley da Goldman Sachs suka riga kowa zubar da kaya, Goldman ya fita kusan ba ƙwarzane. Credit Suisse ya yi jinkiri.

Isuhu: To kin gani! Goldman bai yi asara ba. Ke nan tsarin lafiya lau yake, sakarcin banki ɗaya ne.

Hadiza: Ƙanena, Goldman ya tsira ne don ya bar wa wasu farashin da ya karya. Ba zai yiwu kowa ya zama na farko ba. Sakaci kam akwai, binciken da Credit Suisse ya sa aka yi ya nuna ma'aikatansa sun ga haɗarin suka yi ta jan ƙafa, don kar abokin ciniki ya yi fushi ya koma wajen wani. Abin takaici, abin da suka samu daga Archegos a 2020 bai kai dala miliyan 20 ba. Kuma Hwang ba baƙo ba ne, tun 2012 tsohon asusunsa, Tiger Asia, ya amsa laifin zamba a Amurka.

Malam Sani: Ni dai ban ga komai a nan ba sai kuɗin ruwa da caca. Allah ya raba mu.

Rabi: Amin, Malam. Amma duk kun tsaya a gefe ɗaya. In dillalin ne ya mutu fa? Ran 15 ga Satumba 2008 bankin Lehman Brothers ya rushe. Asusun hej da dama da suka ajiye dukiyarsu a reshensa na Landan suka wayi gari ba su iya taɓa ta. Dillali na da damar ɗaukar jinginar da aka ba shi ya sake jinginar da ita wani wuri don ya samo kuɗi. A Amurka doka ta tsayar da abin a kashi 140 cikin 100 na bashin da ake bin mai kaya, a Ingila babu wannan iyaka sai abin da aka sa wa hannu. Wasu sai da suka shekara da shekaru suna jiran masu rabon gadon bankin.

Alhaji Mamman: Tsaya, ƴata. Na ba ka raƙumina jingina, kai kuma ka kai shi wajen wani ka ci bashi?

Rabi: Da yardarka, Kawu. Tana cikin takardar da ka sa wa hannu, shi ya sa aka rage maka kuɗin ruwa.

Alhaji Mamman: A kara wannan sunansa cin amana, ko da takarda.

Isuhu: Na janye “ba ya taɓa”. Amma har yanzu ina ganin dillali ya fi samun mafita. Hwang an yanke masa shekara 18 a 2024. Shugaban banki nawa aka ɗaure kan wannan?

Hadiza: Nan kam ban da amsa. Sai dai shi bankin bai daɗe ba, a Maris na 2023 aka daidaita bankin UBS ya haɗiye Credit Suisse, ko da yake ba Archegos kaɗai ya kai shi ƙasa ba.

Alhaji Mamman: Laminu, kai a cikin ku huɗun wa ya fara kwasar albasar?

Laminu: Wanda ya zo da amalanke, Alhaji. Ni da takarda na zo.