Neman kalma: me za mu kira librarian a sanarwar ƙungiya?

Sakatariyar yaɗa labarai:
Assalamu alaikum jama'a, malamai da iyayenmu da ke nan don Allah ku taimaka min da shawara. Ƙungiyarmu ta laburare ta shiyya ta yanke cewa daga yanzu duk sanarwar da za ta fita a fitar da ita da Hausa ma, ba Turanci kaɗai ba, kuma ni aka ɗora wa aikin. Abubuwan da ke gabanmu akwai babban taron shekara da za a yi zaɓen sabbin shugabanni, akwai bita kan shigar da bayanan littattafai cikin kwamfuta da manhajar Koha, sai shirin 'yan makaranta na ranar littafi ta duniya wato 23 ga Afrilu wadda UNESCO ta ware tun 1995. Duk waɗannan Hausarsu ta zo min cikin sauƙi, taron bita kowa ya san shi, kuɗin rajista kowa ya san shi, amma layin farko da ke cewa ana gayyatar duk wani librarian, nan na tsaya cak. Mu kanmu ba mu da tsayayyen suna. Wani ya ce ma'aikacin laburare, wani mai kula da ɗakin karatu, wani kuma kawai ya ce laburariyan ya wuce abinsa. Ni so nake mu tsayar da guda wadda za mu riƙa sa wa a kan takardunmu yau da gobe, don idan mu masu aikin ba mu sa wa kanmu suna ba to duk wanda aka laƙaba mana shi za mu amsa.

Ɗalibin Hausa:
Wa alaikumus salam Anti. Ni a ganina kafin a je ga mutumin sai an gama da wurin tukuna, laburare ne ko ɗakin karatu ne ko maktaba? Don sunan mai aikin daga nan zai fito. Ni dai ɗakin karatu na fi so tunda ba aron Turanci ba ne.

Sakatariyar yaɗa labarai:
Ƙanina na ji ka, kuma ɗakin karatu ba laifi a baki, rediyo ma shi suka fi faɗa. Matsalarsa a wurin aiki take fitowa. A cikin laburare guda akwai ɗakin da ake zama a yi karatu, akwai sashen da ake ba da aro, akwai na jaridu da mujallu, akwai na littattafan da ba a fita da su sai dai ka duba a nan kamar ƙamus, akwai ɗakin baya inda ake yi wa sabbin littattafai lamba. To in ka kira ginin gaba ɗaya ɗakin karatu, shi wancan ɗakin da ake zama a ciki me za ka ce da shi, ɗakin karatun ɗakin karatu? Sannan ka gwada ciro sunan mai aikin ka gani, mai ɗakin karatu sai a ɗauka mamallakin wurin ne, mai kula da ɗakin karatu kuma ya yi tsawo kuma kunnen Bahaushe zai ji kamar mai buɗewa da rufewa da share ƙura. Laburare dai aro ne amma ya daɗe da zama ɗan gida kamar asibiti da mota da tebur, ba wanda za ka ce wa laburare ya ce me kake nufi.

Malamin Larabci:
Malama, Allah ya saka da alheri da wannan tunani. Me zai hana mu koma maktaba? Larabawa aminul maktaba suke cewa, wato wanda aka damƙa wa amanar wurin, kuma Sawahili ma maktaba suka ɗauka, mai aikin su ce masa mkutubi. Harshe ne babba irin namu kuma ya zauna musu daram.

Ɗalibin Hausa:
Allah gafarta malam, aminin maktaba fa in aka ce Bahaushe babban abokin maktaba zai ji, tunda amini a wurinmu aboki ne na ƙut da ƙut. Kuma maktaba a Larabcin ma shagon sayar da littattafai yana amsa sunan, shi ya sa mutanenmu da yawa in suka ga maktaba a allo mai sayar da littattafan addini ne ke zuwa musu a rai. To ni ga tawa: ma'ajin littattafai. Ma'aji tsohuwar kalma ce, tana da nauyi, tana da amana a cikinta.

Tsohon ma'aikaci mai ritaya:
Ɗana, ma'aji kam ina roƙonku ku bar shi. Na farko ƙungiyar nan tana da ma'ajinta mai riƙe kuɗi, ranar taron shekara in aka ce ma'aji ya tashi ya ba da rahoto sai zauren duka ya miƙe. Na biyu kuma shi ne ya fi damuna, ma'aji aikinsa ya ajiye ya kulle kar a taɓa, mu kuwa abin da muka yi shekara da shekaru muna yaƙi da shi ke nan. Ranganathan, mutumin Indiya ɗin nan da duk wanda ya karanta fannin ya sha sunansa, a 1931 ya fitar da ƙa'idoji 5 na aikin, ta farkon ita ce littafi don a yi amfani da shi aka yi shi, ta huɗu kuma ita ce kar a ɓata wa mai karatu lokaci. Littafin da ya shekara goma a kanta fes ba wanda ya buɗe shi ba abin alfahari ba ne a wurinmu, wanda bangonsa ya gaji saboda hannu shi ne ya yi aikinsa.

Bari in faɗa muku abin da mutumin nan yake yi don sunan ya dace da shi, saboda mutane gani suke zama kawai muke muna cewa a yi shiru. Sabon littafi in ya zo ba a kanta ake jefa shi ba. Za ka buɗe shafin take ka ɗauki sunan marubuci da sunan littafin, ka juya bayan shafin ka ga wa ya buga, a wane gari, wace shekara, bugu na nawa, ka ɗauki lambar ISBN, wato lambar shaidar littafin, wadda tun 2007 ta koma lambobi 13 daga 10, sannan ka zauna ka leƙa cikinsa sosai ka gane wai shin a kan me yake magana, don take yakan yaudari mutum. Sai ka ba shi lamba. In tsarin Dewey kuke bi, wanda ya fito a 1876 ya raba ilimi gida 10, addinin Musulunci 297 ne, harshen Hausa 493.72, adabin Hausa kuma 893.72, ka ƙara haruffa uku na farkon sunan marubucin ka manna a ƙashin bayan littafin. A zamaninmu sai ka buga kati, ɗan ƙarami mai inci 3 da 5 da huda a ƙasa inda ƙarfen durowa ke ratsawa don kar wani ya zare, kati ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan littafi, ɗaya da fanni, kowanne ya tafi mazauninsa bisa jerin abacada. In ka kuskure lamba ɗaya littafin yana cikin ginin amma ya ɓata, ba mai sake ganinsa sai sa'a. Yanzu kwamfuta ta karɓi katin amma tunanin yana nan, mutum ne ke yinsa. Kuma wannan rabin aikin ne, ɗaya rabin shi ne yaron da zai shigo bai ma san abin da yake nema ba ka yi ta tambayarsa a hankali har ku gano tare ka ɗora shi a hanya. Wannan ba ajiya ba ce 'ya'yana, koyarwa ce.

Sakatariyar yaɗa labarai:
Baba wallahi ka taɓo inda nake so a zo. Tunda ka ce koyarwa, ni abin da ke raina tun farko sai dai ina jin nauyin faɗa shi ne malamin laburare. Ba ƙirƙira ba ce daga sama, Hausa ta riga ta yi wannan hanyar tuntuni, malamin gona, malamin asibiti, malamin daji, malamin makaranta, duk mutum ne mai ilimin wani fanni da aka ajiye a wuri don jama'a su zo su tambaye shi. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, tsohuwar da ba ta taɓa shiga laburare ba in ta ji malamin laburare ta san mutum ne da za a je wurinsa da tambaya. Kuma ga sauƙin sarrafawa, malamar laburare, malaman laburare, ba wata karyewar harshe. Abin da na fi so a ciki ma shi ne dama haka masu zuwa ke kiranmu, yaro ya zo kan teburi ba ya cewa komai sai malama don Allah ina zan sami littafi kaza, to mu rubuta abin da baki ya riga ya saba mana.

Wata ma'aikaciyar laburaren jami'a:
Yaya ina tare da ke amma akwai inda nake tsoro. Malamin asibiti fa ba likita ba ne, kowa ya san haka, to kar mu ɗauki sunan da zai mayar da mu ƙasa. A Najeriya tun 1995 akwai dokar da ta kafa hukumar yi wa masu wannan aiki rajista, LRCN, kuma sai mai digiri a fannin ake ba wa wannan matsayi, a jami'o'i ma cikin malaman koyarwa ake lissafa mu, sai mun yi bincike mun wallafa kafin a ƙara mana girma. Me zai hana jami'in laburare, ko masanin laburare?

Tsohon ma'aikaci mai ritaya:
'Yata, jami'in laburare yana da mai shi, akwai rukunin ma'aikata masu difloma da ofisa ake kiransu a takardar aiki, in kika ɗauke musu suna kin haɗa rigima a ofis. Ku bar musu jami'i, masu taimakawa a kanta kuma mataimaka. Masani kuwa ba suna ne da mutum ke sa wa kansa a sanarwa ba, wasu ne ke faɗa maka, ya za a rubuta ana gayyatar dukkan masana su biya kuɗin rajista? Ki ajiye shi don farfesan da zai gabatar da maƙala. Maganar malamin asibiti kuma ki duba ɗaya gefen, malamin jami'a ma ai malami ne, ke da kanki kika ce cikinsu ake lissafa ku. Kalmar malam ba ta taɓa rage wa kowa daraja a ƙasar Hausa ba.

Ɗalibin Hausa:
Na sauko daga ma'aji Baba. Saura jam'in laburare, don ni na ji laburori na ji laburarori, wanne za a sa a sunan ƙungiyar? Ko a ce ƙungiyar malaman laburare kawai a huta?

Sakatariyar yaɗa labarai:
A nan sai an yi hattara ƙanina, irin waɗannan ƙungiyoyi ba mutane kaɗai ne mambobinsu ba, laburaren kansa yakan yi rajista a matsayin mamba. Ka duba IFLA ta duniya da aka kafa a 1927 a Edinbara, hedikwatarta na Hague, ƙungiyoyi da cibiyoyi ne ginshiƙinta, haka AfLIA ta Afirka mai ofis a Accra. Ta Afirka ta Yamma ta farko ma, WALA, da aka kafa a 1954 bayan taron da UNESCO ta yi a Ibadan a 1953, wadda daga cikinta ta Najeriya ta fito a 1962, sunanta ƙungiyar laburare ne ba ta masu aikin ba. In muka ce ƙungiyar malaman laburare mun fitar da jami'ai da mataimaka da ɗalibai da su kansu cibiyoyin, alhali su ne suka fi cika mana zaure ranar bita. Don haka ƙungiyar laburare ta shiyya zan rubuta, tilo ya wadatar, kamar yadda muke cewa ma'aikatar gona ba ta gonaki ba, ka ga mun tsallake rigimar jam'in ma. In dole sai an yi jam'i a cikin zance ni laburori nake faɗa don ya fi gajarta.

Malamin Larabci:
To Malama na bi jama'a, malamin laburare ya yi. Sai dai ina roƙo kar a kori maktaba kwata-kwata, makarantun Islamiyya da yawa da shi suka saba, in malamin can ya ce shi malamin maktaba ne a karɓa masa. Shugaban wurin kuma fa, kamar na jami'a ko na jiha?

Wata ma'aikaciyar laburaren jami'a:
Wannan shugaban laburare kawai malam, shugaban laburaren jami'a, shugabar laburaren ƙasa, fannin kuma ilimin laburare. Yaya ni ma na yarda, amma don Allah a fom ɗin rajista ki raba gurabun, malami daban jami'i daban mataimaki daban ɗalibi daban, tunda kuɗin ma ba ɗaya ba ne.

Sakatariyar yaɗa labarai:
Za a raba in sha Allah. Ga yadda layin farko zai fita ku duba min: Ƙungiyar laburare ta shiyya na gayyatar dukkan malaman laburare da jami'ai da mataimaka da ɗaliban ilimin laburare zuwa babban taronta na shekara da taron bita. Zan kai wa kwamitin zartarwa haka, in sun amince shi za mu riƙa sa wa a duk takardunmu har da allon ƙofar ofis. Na gode ƙwarai Baba, na gode malam. Sai dai ban sallame ku ba tukuna, a sanarwar bitar akwai kalmar katalog, wato tarin katunan nan da Baba ya yi bayani, da ke jirana, na rubuta kundin littattafai na goge don kundi a jami'a aikin kammala digiri ake nufi, jerin littattafai kuma bai nuna cewa yana gaya maka inda littafin yake a kanta ba. Baba kai da ka buga katin da hannunka, me kuke ce masa in kuna yi wa mai karatu bayani da Hausa?