Masu tarakta na Kumasi: yaya kuke kula da garma kafin ruwa ya sauka?

Mai gona a Ejura, mazaunin unguwar Aboabo a Kumasi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan Maris ya ƙarato, babbar damina na bakin ƙofa. Ina da tarakta Massey Ferguson ta hannu da garma mai faifai uku, kuma bara ana tsakiyar huɗa boris ɗin faifan baya, wato ƙarfen da faifan ke juyawa a kansa, ya ci. Kafin a kawo wani daga Kumasi ta hanyar Mampong, laimar ƙasa ta tafi. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, mu ƙaru da juna.

Bakanike a Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi: Wa alaikumussalam Alhaji. Boris ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya daɗe yana kuka ba a saurare shi ba. Duk garmar da aka kawo mini, da na buɗe murfin sai in tarar giris ya haɗu da jar ƙasa ya daskare kamar tuwon jiya. Wannan ƙasar ita ke cin ƙarfen. Ku ɗaga garmar, ku kama kowane faifai da hannu biyu ku girgiza. In ya yi wasa, ko kun juya shi kun ji ƙaras-ƙaras, a kwance shi yanzu, a wanke da kananzir, a sake roban da ke hana ƙasa shiga, a cika sabon giris. Roban nan kuɗinsa kaɗan ne, amma shi mutane suka fi rainawa. Kuma ku zo tun cikin hunturu. Ruwa na sauka layi ke cika, mu ma aikin gaggawa ba ya yi mana kyau.

Direban tarakta, Asawase: Gaskiya ne Maigida. Ni kullum da asuba kafin in tada inji sai na duba baƙin mai da ruwan lagireto, in buga giris, in bi notocin faifai da sifana. Da yamma nake cika tanki, don in ya kwana rabi raɓa na taruwa a ciki, ruwan kuma shi ke kashe famfon mai. Baƙin mai da filtarsa muna sakewa wajen awa 250. Amma abin da ya fi cin raina kututture ne. Mai gona zai rantse ya tumɓuke su duka, kana cikin tafiya ka ji ƙau, faifai ya dare. Yanzu ba na saukar da garma sai na zaga gonar da ƙafa, shi kuma yana gaba.

Hajiya mai bayar da haya, Tafo: 'Ya'yana, ku ƙara da maganar tafiya arewa. In an gama huɗa a Ejura, taraktoci kan wuce wajen Tamale, tunda su damina ɗaya gare su kuma tana makara. Tawa ba ta tafiya sai da boris biyu, bel, filta da gwangwanin giris a akwati. Na kuma ba direba littafi yana rubuta awa da ranar da aka yi sabis. Da farko ya ɗauka rashin yarda ne, yanzu shi ke tuna mini.

Bakanike a Suame Magazin: Allah ya ƙara arziki Hajiya. In ta dawo a wanke ta tas, a shafa wa faifai tsohon baƙin mai saboda tsatsa, a ɗora garmar kan katako a ƙarƙashin rumfa, don ƙaramar damina ta Satumba ba nisa. Tsofaffin Massey masu tukunyar mai a matatar iska kuwa, lokacin ƙura a riƙa duba man kullum. In ya yi kauri a zubar.

Mai gona a Ejura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan sa a kwance duk faifan ukun. Malam bakanike, faifan da ya dare a gefe, walda na riƙe shi ko sabo kawai zan nema?

Bakanike a Suame Magazin: In tsagar ta kai ramin noti, nemi sabo Alhaji. In a baki ne kawai, kawo in gani tukuna.