Me ya sa ake biyan masana domin su koyar da tattalin arziki a tsoffin ƙasashen kwaminisanci?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. Ina nazarin yadda jami'o'in Gabashin Turai da na tsoffin jamhuriyoyin Tarayyar Sobiyet suka sauya bayan 1991, sai na ci karo da wani tallafi da ake bai wa matasan masana domin su koyar da ilimin tattalin arziki ga ɗaliban digirin farko a ƙasashe irin su Jojiya, Armeniya da Yukiren. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ƙasashen nan ba su taɓa rasa jami'o'i da farfesoshi ba, kuma sun yi suna a lissafi. To, me ya sa sai an ware kuɗi na musamman kafin a sami mai koyar da darasin da ya kamata kowace tsangaya ta iya da kanta?

Malam Sanusi:
Wa alaikumus salam, Malama. Farfesoshi kam akwai su, amma abin da suka ƙware a kai daban ne. A zamanin Sobiyet, hukumar Gosplan ce ke tsara abin da masana'antu za su ƙera, gwamnati kuma ita ke yanke farashi, saboda haka ɗalibi yakan kammala jami'a ya haddace ra'ayin Marx da Lenin ba tare da an zaunar da shi a kan yadda buƙatar masu saye da yawan kaya ke haifar da farashi ba. Gwanintar lissafin da kika ambata gaskiya ce, domin masanin lissafin Sobiyet Leonid Kantorovich ya sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1975, sai dai an fi amfani da gwanintar wajen tsara rabon kaya. Da gwamnatin Rasha ta daina yanke farashin yawancin kaya a watan Janairun 1992, hauhawar farashi ta haura kashi 2,000 cikin ɗari a shekarar, kuma malamin da ya shekara talatin yana koyar da tsarin tattalin arzikin gwamnati na shekaru biyar-biyar shi aka bar wa aikin yi wa ɗalibai bayaninta.

An fara magance matsalar daga sama. An kafa cibiyar koyar da tattalin arziki ta CERGE a birnin Prague a 1991, wadda daga baya ta zama CERGE-EI, sai New Economic School a Mosko a 1992, sannan a 1996 aka kafa shirin da daga baya ya rikiɗe ya zama Kyiv School of Economics a Yukiren. Dukkansu da karatun gaba da digirin farko suka soma, kuma sun yaye haziƙai, amma da yawa daga cikin haziƙan sun nufi manyan bankunan ƙasa, Bankin Duniya da jami'o'in Amurka, domin albashin malami a jami'ar gwamnati bai isa riƙe iyali ba. Tallafin koyarwa, irin wanda gidauniyar CERGE-EI ke bayarwa, ƙari ne a kan albashi tare da horo kan dabarun koyarwa, domin masani ya iya tsayawa a ajin da dubban ɗalibai ke bi, waɗanda akasarinsu daga digirin farko za su wuce ma'aikatu da bankuna.

Dakta Bilkisu:
Na yarda da bayanin Malam Sanusi, amma ina da damuwa. Malami ɗaya mai sabon horo yakan shiga sashen da manhajarsa ke ƙarƙashin ƙa'idojin ma'aikatar ilimi, dattawan sashen kuma su ke raba darussa, don haka yana iya gyara ajinsa alhali sauran darussan suna nan yadda suke. Haka nan littattafan da aka fassara daga Turanci cike suke da misalan Amurka, alhali ɗalibin Yerevan (babban birnin Armeniya) ko Tbilisi (babban birnin Jojiya) ya taso yana jin labarin layin burodi da kuɗin ajiyar iyayensa da suka narke. A ganina, malamin da bai haɗa darasinsa da bayanin János Kornai, masanin tattalin arziki na Hungary, kan yadda tsarin gurguzu ke haifar da ƙarancin kaya ba, ya bar mafi kyawun misalin da yake da shi a ƙofar aji.

Malama Hadiza:
Na gode ƙwarai. Dakta, shin aiko malamai daga Yamma ba zai fi sauƙi ba?

Dakta Bilkisu:
An gwada hakan, Malama. Shirin Civic Education Project, wanda ya soma a 1991 kuma ya sami kuɗi daga gidauniyar attajiri George Soros, ya riƙa tura malamai daga Yamma zuwa jami'o'in yankin, daga baya kuma ya ƙara da tallafa wa 'yan ƙasa da suka yi karatu a waje suka dawo gida. Baƙo yakan koyar da Turanci na shekara ɗaya ko biyu ya tafi, shi kuwa ɗan ƙasa yana koyarwa da harshen ɗalibai, yana zama a taron sashe inda ake yanke shawara kan manhaja, kuma idan ya daɗe shi ne zai duba aikin binciken malaman da za su biyo bayansa.